Ranar da Na Ƙi Ɗaga wa Kamfani Ƙafa

Na san abin da aka faɗa muku game da dangar da ta raba gidanmu na Dakoro biyu. An ce muku ni da baffanku Lawali mun ɓata a kan mota. Wasu masu ƙarin gishiri ma sun ce a kan gadon Inna ne, alhali ranar da aka kafa dangar Inna tana zaune da ƙoshin lafiyarta tana kallo. Ba mota ba ce, ba gado ba ne. A kan layi ɗaya ne da na rubuta a wata takarda a kotun Maraɗi. Duk waɗanda suka ga abin sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, shi ya sa na ce bari in rubuta muku shi yadda ya faru. Na yi zaton haushin ya kwanta tuntuni, amma ga shi daga ɗaukar alƙalami na ji ya motsa.

Zamanin Nasara ne, saura 'yan shekaru su tattara su tafi, ko da yake mu a lokacin ba mu sani ba. Yaya Lawali ya girme ni sosai, kusan shi ya rene ni bayan rasuwar babanmu. Ya daɗe yana tuƙa wa wani gidan ciniki na Faransawa mota, har ya kai ga sayen tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, tasa ta kansa. Yana kai gujiya da fatu Maraɗi, ya dawo da goro da yadi da kananzir. Ni kuwa ni aka kama aka kai lakwal, makarantar Nasara, ina yaro, don haka na iya Faransanci, kuma ina aikin awon gujiya. Duk takardar da ta shigo gidan ni ke karantawa, duk wadda za ta fita ni ke sa wa hannu, har ya sa aka yi mini takardar wakilci gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Ɗan Lakwal yake kirana, ko yana jin daɗi ko yana jin haushi, murya ce kawai ke bambanta.

Sai kun san halinsa guda ɗaya kafin ku gane sauran. A Dakoro ta wancan lokaci, in kana da hakki a kan mutum, wa'adi ya cika, ya aiko a ba ka haƙuri, kana iya cewa a'a, ba mai zarginka. Amma in ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidanka, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmarka, ya sha ruwanka, sannan ya ce ka ɗaga masa ƙafa, to an gama, ɗagawa za ka yi. Kowa ya san wannan, amma kowa yana da iyakarsa. Sau ɗaya, sau biyu, daga nan in an hango mutum sai a ce maigida ya tafi gona. Yaya Lawali ba shi da iyaka. Shi ne ma ke kaɗe tabarmar tun mutum yana nesa.

Asurans ni na ja shi ciki, wannan kam ba na musu. Gidan cinikin suka ce ba su ƙara ba wata mota kaya sai mai takardar asurans, wato ka riƙa biyan wani kamfani duk shekara, in mota ta ƙone ko ta faɗi su biya ka. Inna ta saurari bayanina har ƙarshe tana kaɗin zarenta.

"Wato in Allah yaƙ ƙaddara ma mota wuta, akwai wani Annasara da ke biyan ƙaddara?"

"Haka takarda tac ce, Inna."

"To, Allah shi sa takarda ta san da zancen."

Shekara ba ta zagayo ba wutar ta zo. Cikin sanyi ne, tsakiyar cinikin gujiya. Ya ɗauko kaya maƙil da hantsi, yana wajen Ajekoriya hayaƙi ya taso daga gaban mota, kafin ya dire wuta ta kama. Ba kowa a wurin sai wani Buzu makiyayi mai suna Agali, da ke shayar da raƙuma da awaki a wata rijiya kusa da hanya. Ya sheƙo a guje suka yi ta watsa rairayi. Da suka ga ba ta da niyyar mutuwa, Agali ya haye bayan motar yana jefo buhuna, har wuta ta cinye masa fatar hannun dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Gujiya mai ce, in ta kama ba ta sauraron kowa. Kafin azahar ba abin da ya rage sai baƙin ƙarfe.

Na rubuta wa kamfani. Amsar ta zo bayan makonni, na karanta ta sau biyu a tsaye kafin in shiga zaure. Na so in sassauta masa, na ce wai suna da 'yar shakka.

"Ɗan Lakwal, karanta min yadda sunka rubuta, ba yadda kake so ba."

Na karanta. Sun ce suna da dalilin yarda cewa an sauke gujiyar an ɓoye, sannan aka cinna wa tsohuwar mota wuta da gangan don a karɓi sabuwa. Sai Yaya ya ce:

"Ke nan ɓarawo nike."

"Haka sunka nuna, Yaya."

"To a bar zancen mota. Ina son Annasaran da yar rubuta wanga shi lashe shi."

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da muka je nema kotu. Sunansa muka je wankewa. Labarin takardar ya fita kasuwa, ban san ta yaya ba. Ba wanda ya faɗa masa a gabansa, amma ni ana faɗa mini. In na ɗora buhu kan awo sai wani ya ce, "Wanga dai ba cikin na Ajekoriya yake ba ko?" a yi dariya, ni ma in yi yaƙe. Gidan cinikin da ya yi wa aiki shekara da shekaru suka daina amsa gaisuwarsa.

Na shigar da ƙara gaban alƙalin Nasara a Maraɗi. Magatakardan kotu ya yi mini bayanin tsarin: an ba kamfani kwanaki su kawo amsarsu a rubuce, an ƙara musu wasu kwanakin saboda nisa, tun da uwar kamfanin tana Dakar, daga nan sai ranar zama, kowa ya kawo shaidarsa. Mu shaidarmu guda ce, Agali da hannunsa. Na je har rijiya na same shi. Mutum ne marar yawan magana, ya ja rawaninsa ƙasa kaɗan ya ce mini:

"Ina nan bakin rijiyar ga har ruwan fari. Ranar da ruwa yas sauka bisashe za su juya arewa, ni ko bayansu nike. Daga nan ko ni ban san inda za ka gan ni ba."

Na lissafa, na ga muna da sarari, ranar zama za ta zo tun ana tsakiyar zafi. Ashe ban lissafa da kamfani ba, ban kuma lissafa da yayana ba.

Wa'adinsu ya cika ba su kawo komai ba. Aboka ɗinsu, wato lauyansu da ke Yamai, ya aiko wasiƙa cewa takardu suna kan hanya daga Dakar. Alƙali ya ƙara musu wata guda, amma ya rubuta cewa daga wannan ba wani ƙari sai in mai ƙara ne ya yarda ya sa hannu. Na dawo gida ina murna kamar an yi mini haihuwa. Na ce wa Yaya yanzu kam linzami yana hannunmu. Da na san abin da zai biyo baya da na ja bakina na yi shiru.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, motar wasiƙa ta sauke mana baƙo. Mushe Amadu ake ce masa, wato Malam Amadu a Faransance, wakilin kamfanin ne a wannan yanki, mutumin Damagaram. Ban taɓa ganin mai ladabi kamarsa ba, har yau. Tun daga gindin aduwar ƙofar gida ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Ya aika wa Inna goro da kan sukari. Ya zauna a bakin tabarma, ba tsakiya ba, aka kawo fura ya sha har ya yaba damun. Ya tambayi gona, ya tambayi iyali, ya yi jajen mota kamar tasa ce ta ƙone. Sai da la'asar ta yi sanyi ya sunkuyar da kai.

"Maigida, ni ɗan aike ne, amma na ƙi aikowa, na ce sai na zo da ƙafata. Mutumin da zai duba ƙarfen motar bai iso ba. Don Allah a ɗaga mana ƙafa, kwana ashirin."

"Wanga ai ba abin roƙo ba ne," in ji Yaya. "Ɗan Lakwal, sa mishi hannu."

Ƙane ba ya musa wa yayansa gaban baƙo. Na sa hannu ina jin kamar in haɗiye alƙalamin. Da baƙo ya tafi na tare shi na ce, Yaya, waɗannan fa su ne suka kira ka ɓarawo. Ya ce ba Mushe Amadu ne ya kira shi ba. Na ce to ba Mushe Amadu ka ɗaga wa ba, kamfani ka ɗaga wa, kamfani kuwa ba shi da ƙafa balle ya tuɓe takalmi. Ya ce shi dai ƙafa ya gani, da takalmi, kuma an tuɓe.

Kuma ni ne zan kai takardar Maraɗi. Ku da kuka tashi kuka tarar da hanya ba ku san abin da ake nufi ba. Ka hau bayan motar wani, kan fatu masu wari, ta kafe a rairayi ku sauka ku tura, ta sake kafewa ku sake sauka, ka isa kamar an tono ka. Duk wannan don in miƙa wa magatakarda takardar da ke cutar mu. Shi kansa ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko na fahimci abin da na sa wa hannu. Na ce na fahimta. Ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi.

Kwana ashirin suka kusa cika, sai ga Mushe Amadu gindin aduwa da takalmi a hannu. Wannan karon aboka ne ke zazzaɓi. Aka sha fura, aka yaba damu. Cikin hira, kamar abin da ya faɗo masa kawai, ya ce:

"Af, Buzun nan bawan Allah da yaƙ ƙone, ya ji sauƙi kuwa? Yana nan kusa?"

Na yi gyaran murya. Na sake yi har na ƙware. Yaya bai ko dube ni ba. Ya zayyana masa komai, sunan rijiyar, da yawan raƙuman, da cewa ruwan fari na sauka Agali zai yi arewa ba mai ganinsa sai bayan kaka, in ma ya dawo wannan rijiyar ke nan. Har ya ƙara da cewa shi kaɗai ne ya ga gujiyar tana ci. Mushe Amadu yana ta "Allah sarki, Allah sarki." Sannan ya sunkuyar da kai, aka ce Ɗan Lakwal ya sa hannu, Ɗan Lakwal ya sa. Ranar ban ci tuwo ba, matata ta zaci ciwo ne.

Daga nan na daina duban takarda, na koma duban sama. Zafi ya kai maƙura, iska ta fara juyowa. Wata safiya na ga shamuwa a kan tsamiyar bariki, in ta iso kuwa ruwa ba ya nisa. Na ari doki na je rijiya. Agali ya riga ya fara ɗinke salkuna, matansa suna gyaran kayan tafiya. Ya nuna mini gabas da haɓa, inda gajimare ya fara taruwa da yamma. Na ce ranar zama Talata ta sama ce, kwana tara. Ya ce in ruwa ya yi masa kwana tara zai yi mini, amma shi ba ya roƙon ruwa ya jira, don bisashensa sun rame.

Ranar Alhamis, saura kwana biyar, na dawo daga wajen awo na hango takalman nan a ƙofar zaure. Mushe Amadu ne kuma. Wannan karon ko dalilin kirki bai kawo ba, wai an sami kuskure a wata takarda sai an mayar da ita Dakar. Kwana ashirin kuma. Kwana ashirin a lokacin nan daidai yake da a ce Agali ya mutu. Yaya ya saurara, ya miƙa masa hannu suka tafa.

"Na ɗaga. Ɗan Lakwal zai bi ka Maraɗi gobe shi sa hannu gaban magatakarda, don kar a ce mun makara."

Da aka kai baƙo masauki na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya a tsakar gida. Na ce ruwa suke jira, ba takarda ba. Na ce makaho ma ya ga wannan. Na ce in Agali ya tafi, alƙali ba zai ga komai ba sai maganarka da tasu, su kuwa suna da aboka da hatimi, kai kana da fura. Ya bar ni na gama.

"Ka ƙare? To ji nan. Mutum ya zamna tabarmata, ya sha ruwana, ya roƙe ni. In hana shi don ina tsoron ruwan sama? Gobe da wane ido zan dubi mutane?"

"Da idon da kake dubansu yanzu suna ce maka ɓarawo!"

"Wanga ƙarya ce, ƙarya ko ba ta dame ni ba. Na ba da baki. Tahi ka sa hannu."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko shi ban faɗa masa ba har ya koma ga Allah. Da safe ina ɗaura 'yan kayana, Inna ta kira ni ɗakinta ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli na hanya. Ba ta dube ni ba, zarenta take kaɗi.

"Yayanka ya ba da baki," ta ce. "Shi ke da baki. Hannu ko naka ne. Ni ban yi lakwal ba, ban san abin da hannu ke rubutawa ba."

Na tsaya ina jiran ƙarin bayani. Ta ce in tafi kar mota ta bar ni.

Mota ɗaya muka hau da Mushe Amadu, kuma abin haushi, mutumin kirki ne a hanya. Ya raba dabinonsa biyu ya ba ni rabi. Da muka kafe shi ya fara sauka turi. Ya ba ni labarin 'ya'yansa, har da ƙaramar da ke koyon tafiya. Ni dai ina cin dabinonsa ina sauraro. Muka isa ofishin magatakarda ranar Asabar da safe, aka shimfiɗa takarda, aka tsoma mini alƙalami. Akwai wurin da aka bari don sa hannun mai ƙara. Na dubi wurin na ga fuskar Yaya, na dubi taga na ga gajimare. Sai na rubuta da Faransanci, da manyan baƙaƙe, cewa mai ƙara bai yarda da ƙarin wa'adi ba, na sa hannu a ƙasa.

Mushe Amadu ya karanta. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi.

"Yayanka ya ba ni hannu."

"Nashi yab ba ka. Wanga nawa ne."

"Ka san korata za su yi?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya nake, na sani.

Ƙarya ta biyu na yi ta a gida. Na ce wa Yaya alƙali ne ya ƙi, ya ce zama na nan Talata. Ya yi ta jimami, wai ya ji kunyar baƙonsa. Na ɗauko Agali daga rijiya, mutumin da bai taɓa hawa mota ba, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu har Maraɗi yana salati. Ranar Talata muka shiga kotu. Ni dai na manta da abu ɗaya: kafin a fara sai an karanta duk abin da ya gudana, tafinta kuma yana mayar da shi Hausa layi-layi. Ina zaune kusa da Yaya na ji tafinta ya ɗaga murya ya ce, kamfani ya nemi ƙarin kwana ashirin, mai ƙara Lawali, ta hannun wakilinsa, ya ƙi. Yaya ya juyo ya dube ni. Na sha kallo a rayuwata, na kumandan, na jandarma, na surukai, ban taɓa shan irin wannan ba.

Aka kira Agali. Alƙali ya tambaye shi ko ya ga kaya a motar. Bai tsaya dogon zance ba, ya naɗe hannun riga ya miƙa hannun gaban tebur, ya ce a tambayi wannan, buhu nawa ya jefo kafin wuta ta karɓe shi. Ya faɗi yadda man gujiya ke gangarowa yana ci a kan rairayi. Aboka bai zo ba, amsarsu ba ta zo ba, ba mai musa masa. Alƙali ya duba hannun ya daɗe yana rubutu. Muna hanyar komawa, kafin mu kai gida, hadari ya haɗo, ruwan fari ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Agali ya dire daga mota tun ba ta tsaya ba ya nufi rijiyarsa. Ban sake ganinsa ba har yau. Kwana ɗaya tak, ku ji fa, kwana ɗaya.

Hukunci ya fito bayan makonni. Kamfani zai biya, kuma an rubuta baƙi da fari cewa zargin ƙone mota da gangan ba shi da tushe. Na shigo da takardar a guje, ina zaton ko yanzu zai sauko. Na tarar da shi a tsakar gida da damin kara da igiya, yana haƙa rami da kansa. Inna na zaune ƙofar ɗakinta. Na ce Yaya, an wanke ka. Ya ci gaba da haƙa.

"Annasara sun ce ni ɓarawo ne, ƙarya ce, Allah ya sani. Kai ko ka maishe ni mai magana biyu, kuma gaskiya ce, har an karanta ta gaban jama'a. Wace tah hi ciwo?"

Na ce ni na rubuta, ba kai ba. Ya ce da sunan wa? Na dubi Inna ko za ta ce wani abu. Zarenta ya tsinke a daidai lokacin, ta duƙufa ɗaurawa. Kafin magariba danga ta tsaya daga bakin rumbu har bango.

Kuna zaton nan abin ya tsaya? An kori Mushe Amadu kamar yadda ya faɗa. Yaya ya ji labari, ya tafi har Maraɗi ya nemo shi, ya durƙusa ya ba shi haƙuri, sannan ya ɗauko shi da iyalinsa ya kawo Dakoro ya ba shi aikin takardun sabuwar mota. Aikina. A zauren da nake zama, a kan tabarmar nan. Shekara da shekaru ina wucewa ina ganin takalman nan a ƙofa. Marigayin tsohon nan da kuke kira Baba Mushe, mai ba ku alewa kuna yara, shi ne. Wata rana bayan mun manyanta na tare shi na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, ruwa suke jira ko ba ruwa ba? Ya ce ruwa ne, aboka ne ya tsara, shi aka aiko don an san ya san al'ada. Na ce to don girman Allah je ka faɗa wa Yaya. Ya yi murmushi.

"Na faɗa mishi tun ranar da yaɗ ɗauko ni. Yac ce ya sani tun zuwana na biyu."

"Ya sani?"

"Yac ce ya sani, amma na riga na zamna tabarma."

Na koma gida na zauna na rasa wanda zan zaga. Ya sani! Yana ji yana gani zai bar sunansa ya tafi arewa bayan raƙuma, don wani ya sha furarsa. Har gobe ban yarda yana da gaskiya ba, kar ku zaci tsufa ya sa na canja. Da za a mayar da ni gaban magatakardan nan, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa, sai dai in gyara hannu ya fi kyau. Abin da nake nadama guda ne, ƙaryar da na yi masa cewa alƙali ne ya ƙi.

Ba gaba muka yi ba, kun gani da idonku. Muna gaisawa, ya yanka ragunan sunanku, na yi wa 'ya'yansa waliyyi. Amma bai sake cin abinci ƙwarya ɗaya da ni ba, bai kuma sake ce mini Ɗan Lakwal ba, sai sunana na yanka, kamar baƙo. Na kuwa san maganin abin sarai. In na zagaya ta ƙofarsa na tuɓe takalmi na zauna a tabarmarsa na sha ruwa na roƙa, ba shi da ikon hanawa. Ni ne na ƙi. Na ce ni da na ceci sunansa ba ni zan je roƙo ba. Uwa ɗaya ta haife mu, taurin kan ba shi kaɗai ya kwashe ba.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na je. Ranar Litinin ce da la'asar. Ban tsallaka danga ba, na fita waje na zagayo ta gindin aduwa, na tuɓe takalmi tun daga can na riƙe a hannu, tsofai-tsofai da ni. Yana kwance a zaure, ya rame ƙwarai, amma da ya hango ni sai da ya miƙa hannu ya kaɗe bakin tabarmar. Na zauna. Ya sa aka kawo ruwa na sha.

"Yaya, na zo da ƙafata. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana dubana. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ban sani ba ko zafin ciwo ne ko dariya.

"Ka zo a makare, Ɗan Lakwal, ban shirya amsa ba. Ɗaga mini ƙafa zuwa Juma'a."

Na buɗe baki in ce wace irin Juma'a kuma, kalma ɗaya ce fa, faɗe ta yanzu. Sai na ga yana jira, idonsa a kaina, kamar yadda ya dube ni a kotu.

"Na ɗaga, Yaya."

"Madalla," ya ce. "Ashe ka iya."

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Juma'ar na je duk da haka, na tuɓe takalmi na zauna a bakin tabarmar har aka kira salla. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba mutane wa'adi, sau ɗaya tak ya roƙi nawa, na ba shi, kuma bai zo ba.